Kafin A Jinginar Da Gonar Rake Don Neman Biza

Watanni biyu da suka wuce, wani tsohon ɗalibina daga yankin Hunkuyi a Ƙaramar Hukumar Kudan ya yi mini sallama bayan Magariba, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Malam, Allah ya yanke mini wahala." Wai wani dillali ya samo masa aikin koyar da Turanci a Koriya ta Kudu, abin da ya rage kawai shi ne ya biya Naira miliyan uku a buga masa biza. Mahaifinsa har ya soma maganar jinginar da gonarsu ta rake. Yaron nan digirinsa na Turanci mai kyau ne daga Jami'ar Ahmadu Bello, kuma shekara huɗu ke nan yana koyarwa a wata makarantar kuɗi kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Ban ga laifinsa ba, amma na hana shi, kuma dalilin hanin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san akwai irinsa da yawa daga Ikara zuwa Maƙarfi.

Abin da dillalan nan ba sa faɗa shi ne, a kasuwar koyar da Turanci fasfo ake fara dubawa kafin a saurari harshen mutum. Bizar da Koriya ta Kudu ke bai wa malaman Turanci, wadda ake kira E-2, ƙasashe bakwai aka saba lissafa mata: Amurka da Birtaniya da Kanada da Ireland da Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta ciki. Wannan rashin adalci ne a ganina, domin na san malamai a Zariya da za su gyara wa Bature nahawunsa, to amma ƙorafina ba zai sauya dokar wata ƙasa ba. Duk wanda ya ce zai shigar da kai ta wata ƙofa, to bizar yawon buɗe ido zai miƙa maka, wadda ba ta halatta aiki. Ranar da aka kama ka, shi yana gida yana cin kuɗin gonarku.

Haka aka yi ta murna a Fabrairun 2023, lokacin da Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya ƙofar neman shaidar ƙwarewa ta QTS. Da aka karanta sharuɗɗan a tsanake sai aka ga masu lissafi da kimiyya da harsuna irin su Faransanci ake nema, ban da masu Turanci. Ko wanda ya samu shaidar ma ba aiki aka ba shi ba. Sai ya sami makarantar da ke da lasisin ɗaukar baƙi, ta ba shi aiki, ta aiko masa da shaidar ɗaukar nauyi, sannan ya nemi biza da kansa. A nan ne gizo ke saƙa: bizar aiki daga hannun mai ba da aikin take fitowa, ba a sayenta a shagon kowa.

Mu da muka yi sakandare a farkon shekarun 1980 mun ga wannan darasi da idonmu, sai dai a lokacin mu ne masu masaukin. Mutanen Gana da Indiya da Pakistan ne suka cika ajujuwanmu, kuma wani ɗan Gana ne ya fara sa ni son Turanci. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su bar ƙasar, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka kwashe kayansu a jakunkunan nan da har yau ake kira da sunan ƙasarsu. Malaminmu ya zauna domin yana da takardar aiki ta gwamnati. Ƙanensa da ke koyar da yara a gidaje ba tare da izini ba, a bayan babbar mota ya tafi.

Ba ina cewa kowa ya naɗe hannu a gida ba ne. Akwai hanyar halal, ko da yake ƙarama ce. Tun 1987 Nijeriya ke da shirin TAC, wanda ke tura ƙwararru, har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashe irin su Gambiya da Saliyo da Uganda, kuma gwamnati ce ke kula da takardunsu. Mai son fita ya fara yin rajista da hukumar malamai ta TRCN, ya tara shekarun aiki, ya nemi makaranta kai tsaye, ya kuma karanta sharuɗɗan biza a shafin ofishin jakadancin ƙasar da kansa.

Sai dai dole in juyo kan hukumominmu. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, aka sallame su, aka kuma sake sallamar 2,357 a 2022. Ba na kare malamin da bai iya karatu ba. Amma wanda ya iya ɗin, me aka yi don a riƙe shi? Shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan su zaga ƙauyukansu su ƙirga makarantun da ke da malamin Turanci na gaske, alhali ɗalibai ba sa shiga jami'a sai da kiredit a wannan darasi.

Shi dai ɗalibin nawa na sa shi ya nemi dillalin ya kawo sunan makarantar da takardar kwantiragi kafin a ba shi ko sisi. Yau kwana arba'in ke nan wayarsa a kashe. Gonar tana nan, an kusa fara saran rake, yaron kuma ya koma ajinsa mai ɗalibai casa'in.