Zazzaɓin Bindiga: Abin da Ruwan Wuta Ke Yi wa Bututu

Tsofaffinmu suna kiran bindigar Maxim, wadda sojojin Ingila suka zo da ita yaƙin Kano da na Sakkwato a shekarar 1903, da sunan "bindiga mai ruwa". Yaran yanzu za su zaci ruwan harsashi ake nufi. Alhali kuwa bindigar ruwa gare ta na gaske, wajen lita 4, a cikin wani kwaroron ƙarfe da ya lulluɓe bututunta. Hiram Maxim, wanda ya ƙera ta a 1884, ya fahimci cewa babban abokin gaban bindiga mai saurin harbi shi ne zafin da take haifarwa da kanta. Idan aka dinga harbi ba ƙaƙƙautawa, ruwan nan yakan tafasa, tururi ya tafi da zafin. Mu masu koyar da ilmin halittu mun san wannan dabara, domin kuwa ita ce ta gumi a jikin ɗan Adam: kowane giram ɗaya na ruwa da ya zama tururi yakan ɗauke zafi kimanin kalori 540.

To, bindigogin da ke hannun soja da 'yan sanda da 'yan sintiri a yau ba sa gumi. Iska kaɗai ke sanyaya su, ita kuwa ba ta da gaggawa. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk wanda hukuma ta damƙa wa bindiga ba ta koya masa sha'anin zafi ba, rabin horo ta ba shi, kuma mutanen da ke tsaye kusa da shi su ne cikin haɗari.

Bari mu leƙa cikin bututun. Da zarar an taɓa kunama, albarushi zai kama, zafinsa ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙarfe yakan narke a wajen digiri 1,500. Matsin hayaƙin kuma ya fi ninki 3,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Abin da ya hana bututu narkewa shi ne, duk wannan yana wucewa cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sa'an nan kaurin ƙarfen ya shanye zafin. Amma bindigar AK-47 tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti ɗaya, watau gidan harsashi mai cin 30 zai ƙare cikin daƙiƙa 3. A irin wannan sauri, kafin ƙarfen ya huce daga wutar farko, ta biyu ta iso.

Wurin da ya fi shan wahala shi ne maƙogwaron bututu, daidai inda harsashi ke fara tafiya. Fatar ƙarfen wurin takan kumbura ta tsuke, ta sāke kumbura ta tsuke, har ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, sa'an nan hayaƙi mai zafi ya riƙa kankare ɓarɓashin. A cikin bututun akwai wasu tsagogi da aka murɗa kamar igiya, su ne ke sa harsashi ya yi ta juyi kamar katantanwar yara, ya tafi sak. In suka cinye, harsashi sai ya fita yana tangaɗi, wani lokaci ma ya sami abin bara a kaikaice. Wannan ciwo ba ya warkewa. Fatar mutum in ta ƙone takan yi sabuwa, ƙarfe kuwa abin da ya tafi ya tafi.

Tun kafin a kai can ma saiti ya lalace, domin bututu mai zafi yakan ɗan karkace, iskar da ke bisansa kuma ta yi kawalwalniya, ga bakin bindiga na ɗagawa sama da kowane harbi.

Mafi muni shi ne bindiga ta tashi da kanta. Littafin da rundunar sojan Amurka ta tanada wa mai riƙe da M16 ya yi gargaɗin cewa harba harsashi 140 a jere da sauri yakan zafafa bindigar har harsashin da aka bari a ciki ya iya tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Shi ya sa adadin da suka ƙayyade wa harbi mai ɗorewa bai wuce 12 zuwa 15 a minti ɗaya ba. A yaƙin Wanat na ƙasar Afganistan, cikin watan Yuli 2008, inda sojojin Amurka 9 suka mutu, wasu da suka tsira sun ba da labarin yadda bindigoginsu suka yi zafi suka cije ana tsakiyar artabu.

Wani zai ce ai a fagen fama babu mai ƙirga harsashi, rai ake ceto. Na yarda. Amma yawancin ruwan wutar da muke ji a garuruwanmu ba na fama ba ne, na murna ne ko na burga: a wurin biki, ko a bayan ayarin wani babba. Dukiyar jama'a ce ake ƙonawa, sa'an nan gobe a tura wannan bindigar da maƙogwaronta ya cinye ta bi ɓarawo a tsakiyar kasuwa. Ban da wannan, harsashin da aka harba sama sai ya sauko.

Masu bindigar toka da ke rakiyar sarki a hawan Salla su ma suna da nasu haɗarin. Idan aka yi gaggawar ɗura albarushi bayan harbi, ɗan garwashin da ya rage a ciki yana iya kunna shi, alhali hannun mai ɗurawa yana daidai bakin bindiga.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kowace bindigar hukuma a buɗe mata littafi a ma'ajiyar makamai, kamar katin majiyyaci a asibiti, a riƙa rubuta yawan harsashin da ta harba, a kuma riƙa auna maƙogwaronta da ma'aunin da aka yi domin haka. Wadda ta wuce iyaka a canza mata bututu, ko a janye ta daga aiki.