Yaranmu Masu Rawa: Hani Ba Shi Ne Magani Ba

A ikilisiyoyinmu na Furana, Ikara, Makarfi da Kudan akwai matasa da Allah ya ba baiwar rawa. Da yarinya ta fara suna a wajen biki, sai dattawa su ce a hana ta. Mu kam ba mu goyi bayan haka ba. Sarki Dauda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari (2 Sama'ila 6), kuma Mikal da ta raina shi ce ta yi asara.

Damuwar iyaye tana da dalili: gwajin dare, bukukuwan kaka, da ƙawayen da ba a san gidajensu ba. Amma wadda aka hana, a ɓoye za ta yi. Gara a dawo da gwajin harabar ikilisiya ranar Asabar da yamma, zumuntar mata tana sa ido, ƙawayen ma su zo mu san su. Lokacin WAEC da NECO a ajiye ganga.

Jami'ar Ahmadu Bello Zariya tana da sashen wasan kwaikwayo, inda rawa ma darasi ce. Mai son shiga yana bukatar kiredit 5, har da Turanci da Adabin Turanci. Tun a SS1 ake zaɓen darussa, don haka iyaye su je makaranta su tambaya tun yanzu.