Kada a Sauke Inji Sai An Saurare Shi

 

Duk sa'ad da kaka ta kama, kowa shina neman motar da za ta kwashe mai gero da dawa, kuma abin da hannunmu ke iya kaiwa shi ne tsofaffin masu shan gas: roka, kanta da J5. Ita J5 ɗin kamfanin Peugeot ya fara fitar da ita a 1981, ƙaramar cikinsu yau ta haura shekara 30. Wasunsu can Turai ɗaki anka yi cikinsu, da gado da murhu, ana yawon hutu da su. Da masu su sunka gaji, anka ciro kayan, anka kawo su ta Kwatano, mu kuma munka ɗora musu buhu. Maganarmu ita ce, mota mai waɗannan shekaru kada a saye ta, kada kuma a sauke injinta, sai an tsaya an karanta alamunta.

Mu da ba mu karɓar buhu sai mun soka shi mun ga ƙwaya a tafin hannu, mi ya sa in an zo ga mota sai mu dubi fenti da taya mu biya? Sokin inji shi ne a tayar da shi da sanyin safiya, ya kwana ba a taɓa shi ba. In ka iso ka ɗora hannu ka ji ɗumi, to an riga ka, ka ce gobe za ka dawo. Injin gas da matsi yake kama wuta, ba shi da fulogi irin na fetur. Wanda ƙarfin matsinsa ya ragu da sanyi yake tona kansa: shina ta gurnani bai tashi ba, in ya tashi kuma shina rawa.

Sai a koma bayan mota a dubi salansa. Baƙin hayaƙi shi ne ya fi ba mutane tsoro, alhali sau da yawa shi ne mai sauƙi. Gas ne ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wanda ya san ƙurar hanyar Abare zuwa Anka lokacin hunturu ya san abin da take yi wa filtar iska. A fara da ita, sannan nozul, sannan a tambayi direba buhu nawa yake ɗorawa bisa ƙa'ida. Shuɗin hayaƙi kuwa man inji ne ke ƙonewa. A buɗe murfin da ake zuba mai inji na aiki. In shina huci da ƙarfi kamar zugazugin maƙeri, zoben fistin sun cinye.

Farin hayaƙi iri biyu ne, kuma a nan ake cin dukiyar mutane. Akwai mai warin ɗanyen gas, mai yaji a ido, wanda ke gushewa in inji ya ɗumama; wannan galibi hita ce ko nozul. Akwai kuma mai kama da tururin tukunya, ba ya gushewa, ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. A buɗe lagireto tun inji na da sanyi (kada wanda ya buɗe shi da zafi, ya kan saɓule fuska), a tayar, a duba. In kumfa na tasowa ba fasawa, gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. A zaro ma'aunin mai: in ya fito kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga mai. Yawancin wannan ciwo mu ke jawo shi. Mota ta yi zafi, yaron mota ya ɗebo ruwan tafki da taɓo ya sheƙa mata nan take, ƙarfe mai zafi ya gamu da sanyi ya tsage.

Ƙara ma sai an bambance. Kowane injin gas shina da ƙwanƙwasarsa ta halitta. Nozul mara lafiya na ba da ƙara siririya daga sama. Amma duka mai nauyi daga ƙasa kamar ana daka a turmi, ga fitilar mai tana ƙifta ido in inji ya yi zafi, ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe cikin man da anka tsiyaye, wannan metal ne. A kashe nan take, kafin ya ci karanshaf. Makanike na gari shina sassauta bututun gas ɗaya bayan ɗaya har ya gano silindar da ke ciwo, kuma in shina da gejin matsi ya auna. Wanda bai yi ko ɗaya ba ya ce “inji ya buga, a sauke,” a nemi wani. A ganinmu a riƙa biyan kuɗin dubawa daban, ko ba a kwance ƙusa ɗaya ba. Muddin makanike ba ya samun ko sisi sai ya wargaza, wargazawa zai yi.

Ku kuma 'yan'uwa dillalan mota, mun san dabarun: a ɗumama inji kafin mai saye ya zo, a zuba mai kauri don ƙara ta lafa, a cire ƙwan fitilar mai. Tun muna gaban malam munka ji labarin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasan tari, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya taɓo damshin ya tsawata masa. Risala ma ta yi bayanin mayar da haja saboda aibin da anka ɓoye. Mota haja ce. Ga shi litar gas da ba ta kai naira 300 ba a 2021 ta haura 1,000 a 2024, inji mara lafiya kuma shan gas yake kamar rairayi. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Motar da ta mace da kaya tsakanin Anka da Daki Takwas bayan la'asar, a halin da dajinmu ke ciki, ran direba da yaransa ne a kai.

Don haka muna roƙon shugabannin dillalai da na tasha su sa sharaɗi: motar sayarwa ta kwana a tasha, makulli a hannun wani amintacce, a tayar da ita bayan sallar asuba gaban mai saye da makaniken da shi ya zaɓa, abin da anka gani a rubuta cikin takardar ciniki.