Gorin Keken Yara: Mai Kallo Bai San Nisan Tafiya Ba

A biranen Ingila da Amurka akwai wata 'yar gardama da ta daɗe tana tashi tana kwantawa, wadda mai karatu zai iya ɗauka wasa ce, alhali kuwa ta sa iyaye mata da yawa sun koma gida da ɓacin rai. Gardamar kuwa ita ce ta keken nan da ake zaunar da yaro a ciki ana turawa. Muddin jariri ne a ciki, ba mai cewa uffan, sai ma a leƙa a yi masa wasa. Amma da zarar yaro ya kai shekara 3 ko 4, ƙafafunsa sun fara reto suna neman taɓa ƙasa, to, sai kallo ya sake. Wani ya harari uwar, wata ta yi tsaki, wani ma ya buɗe baki ya ce ƙaton yaro kamar wannan me ya hana shi tafiya da ƙafarsa. Daga nan an yanke hukunci ke nan: uwa malalaciya ce, ɗa kuma sangartacce.

Wannan magana ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Hausawan da karatu ko aiki ya kai su Landan da Manchista suna cikinta tsundum, kuma keken ya riga ya shigo manyan kantunan Abuja da Legas da Kano. Daɗin daɗawa, ko kafin a san keke, a ƙasar Hausa an san irin wannan gori. Duk macen da ta ɗaura majanyi ta goya yaron da aka yaye da daɗewa ta san abin da za ta ji a bakin hanya: "Haba baiwar Allah, goɗai-goɗai da shi? Sauke shi mana ya taka!"

ASALIN KEKEN

Yana da kyau a san inda abin ya samo tushe. Cikin 1733 wani gwanin zanen gine-gine da lambuna a Ingila, William Kent, ya ƙera wa 'ya'yan wani basarake na Devonshire wani ɗan keke wanda akuya ko ƙaramin doki zai ja. Watau tun farko kayan ƙawa ne na gidan sarauta. Daga baya aka yi masu hannun turawa, amma manya ne, masu nauyi, ba su shiga mota, ba su hawa bene, saboda haka da yaro ya iya tafiya sai a ajiye su.

Wanda ya sauya al'amarin shi ne Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama wanda ya yi aikin ƙafafun jirgin yaƙin nan Spitfire. Cikin 1965 ya fito da keke na bututun alminiyam mai naɗewa kamar lema, nauyinsa bai wuce kilo 3 ba, aka fara sayar da shi cikin 1967. Tun da aka sami keken da uwa za ta rataya a hannu ta shiga bas da shi, sai amfaninsa ya wuce na jarirai ya kai ga yara masu tafiya. A yau ƙa'idar ƙera irin waɗannan kekuna a Turai ta tanadi masu ɗaukar har kilo 22, alhali matsakaicin nauyin yaro ɗan shekara 3 wajen kilo 14 ne, ɗan shekara 4 kuwa wajen kilo 16. Ashe ke nan masu ƙerawa sun san da manyan yara, kuma don su aka yi.

HUJJAR MASU SUKA

Ba za a ce masu suka ba su da abin faɗi ba. Ƙafa da tafiya take ƙwari, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Ingila, inda ake auna yara a shekararsu ta farko a makarantar firamare, an sha samun cewa wajen ɗaya cikin biyar nauyinsa ya zarce ƙima. Yaron da kullum ana tura shi ba zai koyi tsayawa a bakin titi ya duba dama da hagu ba, ba kuma zai saba da gajiya ba. Hausawa ma sun san haka, shi ya sa kafinta ke ƙera wa mai tatata keken katako mai ƙafa uku, wanda yaron ne ke tura shi, ba shi ake turawa ba.

Akwai kuma batun cunkoso. Cikin Fabrairu 2012 wani mai keken guragu, Doug Paulley, ya kasa shiga bas daga Wetherby zuwa Leeds domin wata mata ta ƙi ɗauke keken ɗanta daga wurin da aka keɓe wa naƙasassu, tana cewa keken ba ya naɗewa. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli ta Birtaniya, wadda cikin Janairu 2017 ta yanke cewa bai isa direba ya roƙa kawai ya kama bakinsa ba, wajibi ne ya ƙara matsawa a ba mai haƙƙi wurinsa. Wannan gaskiya ne, kuma duk uwar da ɗanta ke iya tsayawa ya kamata ta naɗe kekenta a irin wannan hali ba sai an roƙe ta ba.

AWA AKE ƘIRGAWA, BA SHEKARA BA

To, amma me likitoci suka ce? Cikin Afrilu 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora game da motsa jiki da zama da barcin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, watau awa uku a rarrabe, kuma ga ɗan shekara 3 zuwa 4 minti 60 daga ciki su kasance na guje-guje da tsalle-tsalle. Ta ce kada a ɗaure yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a lokaci guda. A cikin misalan da ta kawo akwai keken turawa, akwai kujerar cin abinci, kuma ga 'yan ƙasa da shekara 3 har goyon baya ta ambata. Ta kuma ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, wanda zai iya haɗawa da na rana.

Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, jagorar ba ta yanka wata shekara ta ce daga ita an haramta keke ba. Tsawon zaman take aunawa, ba shekarun mai zaman ba. Na biyu, ta sa keken Bature da zanen goyon Bahaushiya a sikeli ɗaya, saboda haka ba mai dariyar wani. Yaron da ya wuni yana guje-guje a makarantar raino, aka turo shi gida tafiyar minti ashirin yana gyangyaɗi, bai karya ƙa'idar kowa ba. Yaron da ba a taɓa sa shi a keke ba, amma ya wuni a gaban talabijin ko waya, shi ne abin damuwa, sai dai shi ba mai ganinsa, domin yana cikin ɗaki.

A nan kuskuren mai hukunci yake. Minti ɗaya ya gani daga cikin yini guda, ya gina shari'a a kai. Bai san ko daga asibiti ake ba, bai san ko mil biyu aka riga aka taka ba, bai san ko akwai wani yaron da ake sauri a ɗauko kafin a rufe makaranta ba. A Landan cikin watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi, ga ruwa, ga kayan cefane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

GORIN YANA FAƊA WA MARAS MOTA

Akwai wani gefen maganar da ba a cika faɗa ba, shi ne kuwa ya fi ciwo. Dokar Birtaniya ta wajabta a zaunar da yaro a kujera ta musamman cikin mota har sai ya kai shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. Saboda haka ɗan mai mota, ko shekararsa 7, a ɗaure ake ɗauko shi daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, bai taka ko taku hamsin ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ubansa ya ce masa malalaci. Gilashi ya rufa masa asiri. Amma ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na gidajen Landan ba su da mota. Ga waɗannan iyaye keken shi ne motar, shi ne kwandon cefane, shi ne gadon barcin rana. Uwar da ke tura keke ita ce ke tafiya a ƙasa, ɗanta kuma sau da yawa yakan sauka ya taka rabin hanya, in ya gaji ya koma. Ke nan wanda ya fi kusa da abin da likitoci ke so shi ake yi wa gori, wanda ya fi nisa kuma ana gaishe shi da girmamawa.

Haka abin yake a gida. Matar da ta sauko daga mota mai sanyi da ɗanta ɗan shekara 4 a kafaɗar mai aiki ba ta jin komai sai barka da zuwa. Wadda ta goyo nata daga tasha zuwa asibiti cikin zafin bazara, don ƙasa ta yi zafin da ƙafar yaro ba za ta jure ba, ita ce ke shan magana. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

CIWON DA IDO BA YA GANI

Sa'an nan ga yaran da ke da lalurar da ba ta bayyana a fuska. An ƙiyasta cewa a Nijeriya ana haihuwar jarirai wajen 150,000 kowace shekara da ciwon sikila, kuma a Ingila ma yawancin masu shi 'yan asalin Afirka ne da tsibiran Karibiyan. Yaro mai sikila yana iya zama kyakkyawa fes, amma jininsa bai kai ba, gajiya na kama shi da wuri, sanyi ko wahala kuma na iya tayar masa da ciwon ƙashi mai tsanani. Akwai masu ciwon zuciya, akwai masu asma, akwai masu raunin gaɓɓai. Akwai kuma masu lalurar da likitoci ke kira otizim, waɗanda hayaniya kan firgita wasunsu har su fizge su faɗa titi, keken kuwa shi ne mafakarsu. Wani yaron kuma lafiyarsa lau, girman jiki kawai ya gada, shekararsa 2 amma ka ce 4 ne.

Domin irin waɗannan ne cikin 2016 filin jirgin sama na Gatwick ya fito da wata koriyar igiyar wuya mai zanen furanni rawaya, wadda mai ɓoyayyar lalura zai rataya don ma'aikata su gane yana bukatar haƙuri, daga baya ta bazu zuwa kantuna da tashoshi a ƙasashe da yawa. Dabara ce mai kyau, amma abin kunya ne a ce sai uwa ta rataya wa ɗanta shaida kafin baƙo ya ƙyale ta. Ba wajibinta ba ne ta karanta wa duk wanda ta gamu da shi takardar asibiti.

INA MAFITA?

Ga iyaye, shawarar ba ta da tsawo. A riƙa barin yaro ya taka inda hanya ke da aminci kuma ba a sauri, a ƙara masa nisa kaɗan-kaɗan, a bar shi ya riƙe keken ya tura da kansa in yana so. Idan tafiya ta yi tsawo, a sauke shi kafin awa ta cika ya miƙe ƙafa, keke ne ko goyo. In kuwa yaro ya kai shekara 3 yana yawan faɗuwa, ko yana kukan ƙafa, ko numfashinsa na sarƙewa daga 'yar tafiya, to, wannan maganar likita ce, ba ta maƙwabta ba.

Ga masu kallo kuwa, gaskiya ne an ce ɗa na kowa ne, amma ma'anar karin maganar ita ce kowa ya taimaka, ba kowa ya yi alƙalanci ba. Kakar yaro ko gwaggonsa da ta san gidan ciki da waje tana da damar ta ja 'yarta gefe ta ce, "Uwar ɗakina, yaron nan fa ya isa taka ƙasa," domin ita ta ga yinin gaba ɗaya. Baƙon da ya gamu da su a bakin titi ba shi da wannan dama. In har bakinsa na ƙaiƙayi, ga abin da zai faɗa: "Sannu da ƙoƙari, kawo in kama miki ku hau matakalar." Wanda ya ɗaga gaban keken nan sau ɗaya, ya ji nauyin yaro da na cefane a hannunsa, da wuya ya sake tambayar abin da ya sa ba a bar shi a gida ba.