Kolajin na kwalba ba ya ratsa fata

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwalliya a Rigasa da ke Kaduna, daga titin Makarfi zuwa hanyar tashar jirgin ƙasa, ko ya shiga wajen masu sayar da mai da sabulu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, zai ga suna ɗaya ya cika kwalabe: kolajin. Yana jikin man shafawa, yana jikin sabulu, har da garin da ake damawa a sha. Masu gyaran amare sun sa shi cikin lissafinsu, kusa da dilka da halawa, kuma da zarar an ambace shi sai farashi ya ɗaga. Ra'ayina a kan wannan kasuwa shi ne kolajin da ake shafawa ba ya yin aikin da ake biyan kuɗi dominsa, kuma sau da yawa sunansa ne ke lulluɓe wasu sinadarai masu cinye kolajin na gaskiya da Allah ya halicci mutum da shi.

Kolajin dai ba ƙarya ba ne. Shi ne furotin mafi yawa a jikin ɗan Adam, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk furotin da ke jiki, kuma shi ke riƙe da fata da jijiyoyi da guringuntsi da ƙashi. Bahaushe ya daɗe da saninsa ko da bai raɗa masa suna ba. Ganda kusan kolajin ce zalla, shi ne kuma ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana, shi majema ke sarrafawa tun zamanin da fatun jan akuyar Sakkwato ke ƙetara Sahara. A jikin mutum yana zaune ne a shimfiɗa ta biyu ta fata, can ƙarƙashin wadda ido ke gani, inda wasu ƙwayoyin halitta ke saƙa shi. Bayan an girma yana raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, ya fi saurin zubewa ga mata bayan ɗaukewar al'ada, daga nan ne tamoji da sakin fata ke fitowa. Saboda haka mai talla bai yi ƙarya ba da ya ce fata na buƙatar kolajin. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a kai shi wurin.

An halicci saman fata ne don ya hana abubuwa shiga. Masana suna auna nauyin ƙwayar sinadari da wani ma'auni da ake kira dalton, kuma a shekarar 2000 wasu masu bincike biyu, Bos da Meinardi, suka bayyana ƙa'idar da likitocin fata ke aiki da ita har yau: abin da ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Ƙwayar kolajin tana da dalton kusan 300,000, wato ta ninka wannan iyaka sau 600. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa suke farfasa shi, amma ko farfasasshen yawanci yana kai 'yan dubbai. A ce ma wani guntu ya kutsa, ba zai je ya manne da saƙar da ke ƙasa ba, domin jiki ba ya karɓar kolajin da aka gama a waje, da kansa yake saƙa nasa.

Wata za ta ce, to ai ni na shafa kuma na ga fuskata ta yi laushi. Gaskiya ta faɗa, kuma bai kamata a ƙaryata idonta ba. Kolajin yana riƙe ruwa, idan ya kwanta a saman fata sai ya rage bushewa, ƙananan layuka su ɓuya. Yaɓe ne a jikin bango: yana rufe tsaga, ba ya ƙara wa tubali ƙarfi, kuma wanka ɗaya ya tafi da shi. Wannan aikin kuwa man kaɗe da basilin da gilisarin suna yin sa, musamman a hunturun Kaduna mai fasa leɓe da diddige, a kan kuɗin da bai kai rabin na waccan kwalbar ba. Wata kuma za ta ce to a sha shi mana. Nan hujjar ta fi ɗan ƙarfi, don akwai gwaje-gwajen da suka nuna fata ta ƙara danshi. Sai dai a 2025 mujallar American Journal of Medicine ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 23, ya gano cewa amfanin yana bayyana ne a binciken da kamfanoni suka ɗauki nauyi, waɗanda ba su ci kuɗin kamfani ba kuwa ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. Ciki ma ba ya tambayar daga ina furotin ya fito, narkar da shi yake yi ya rarraba inda jiki ya ga dama, ko daga gwangwani mai tsada ya zo ko daga farfesun ganda.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai, da ban ɓata tawada ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne man haɗi, wanda ake zubawa a roba marar lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a liƙa masa takarda a ce na kolajin ne, ko a ce oganik ne. Mai saye tana son ganin canji cikin mako biyu, kolajin kuwa ba ya haska fata ko kaɗan. To me ke kawo hasken? Sau da yawa magungunan sitiroyid ne irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci don ciwon fata, ko hydroquinone, ko ma zaiba. Aikin sitiroyid idan aka daɗe ana shafa shi sananne ne a kowane littafin likitanci: yana hana ƙwayoyin halittar fata saƙa sabon kolajin. Fata sai ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsaga hannu da cinya, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa, har ɗinki bayan tiyatar haihuwa ya zama abin fargaba. Baƙar fata ma tana da garkuwarta daga rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, bilicin kuwa wannan garkuwar yake kankarewa, rana ta samu hanyar farfasa kolajin da ya rage. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan haska fata. A 2019 NAFDAC ta fitar da dokar hana sanya sinadaran bilicin a kayan kwalliya, a 2023 kuma shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Da sunan bilicin ya fara zama abin kunya, sai kasuwa ta nemi sabuwar riga.

Na san za a ce wannan sana'ar mata ce, da ita ake ciyar da marayu a unguwa mai cunkoso irin Rigasa, kada a toshe musu hanyar abinci. Ban ce a rufe shagon kowa ba. Da yawa daga masu haɗin ba su san abin da ke cikin tiyub ɗin da suke matsawa ba, su ma a jikinsu suke shafawa. Amma talauci ba ya halatta sayar wa mutum abin da bai san cikinsa ba, kuma wadda ta iya dilka da kurkur da tace man kaɗe tana da sana'a ko babu sitiroyid. Akwai ma tambayar da ya kamata al'ummar Musulmi ta riƙa yi: kolajin na kasuwa daga fatar shanu ko alade ko kifi ake samo shi, kuma ba kowace kwalba ke faɗin wanne ne ba.

Abin da ke kare kolajin ba shi da tsada sosai. Jiki ba ya iya saƙa shi sai da bitamin C, wanda ke cikin gwaiba da lemo da tattasai da garin 'ya'yan kuka, sai kuma furotin daga wake da gyaɗa da ƙwai da kifi. Sigari da zafin rana su ne manyan maƙiyansa. Maganin shafawa da bincike ya tabbatar yana sa fata ta ƙara saƙa kolajin shi ne tretinoin, amma likita ke rubuta shi, kuma ba a ba mai ciki. Wadda kuma ta daɗe tana shafa man haɗi kada ta yanke shi dare ɗaya, don fatar na iya yin bore. Ta ɗauki robar ta tafi da ita asibiti, ko na Barau Dikko ko wanda ya fi kusa da ita, a duba fatar, a tsara mata yadda za ta janye a hankali.