Ma'aunin wuta: kada a ɗaure ƙasa ga kamfani guda

Kowane ɗan kasuwa ya san tiya awo ce da mai saye da mai saidawa suka yarda da ita. Da a ce mutum guda ne kaɗai ya san girmanta, shi kaɗai kuma ke ƙera ta, da kasuwar hatsi ta koma hannunsa. Irin wannan haɗari ne ke cikin sayen ma'aunan wuta da na ruwa, musamman waɗanda ake biya kafin a sha, irin da NIGELEC ke sanyawa a gidaje da shaguna.

Ma'aunin nan ba ya aiki shi kaɗai. Mutum ya biya kuɗɗi, na'urar kamfani ta ba shi lambobi, ya latsa su, wuta ta zo. To, idan kowane maƙeri yana da nasa tsarin lambobi na asiri, wanda ya sayi ma'auni daga gare shi ya zama nasa har abada. Ranar da ya tsauwala farashi, ko ya rufe ƙofa, sai a tumɓuke dubban ma'aunai a sayo sababbi, talaka ya biya.

Afirka ta Kudu ta ɗanɗana wannan. A farko kamfanin Eskom ya sayi ma'aunai daga maƙera dabam-dabam, kowane da na'urar saida lambobinsa. Shi ya sa a 1993 aka fara tsara ƙa'ida guda mai suna STS: lambobi 20, waɗanda ma'aunin kowane maƙeri da ke bin ƙa'idar zai gane. Daga baya ta zama ƙa'idar duniya, IEC 62055-41, kuma ta haɗa har da ruwa da gas.

Amfaninta ya fito fili ranar 24 ga Nuwamba 2024. Lambobin na ɗauke da lissafin mintoci tun daga 1 ga Janairu 1993, lissafin kuwa ya cika a wannan rana. Da yake ƙa'idar a buɗe take, an san ranar tun shekaru kafin ta zo, maganin kuma iri ɗaya ne ko'ina: a latsa wasu lambobi na musamman, yawancin ma'aunai su ci gaba da aiki ba tare da an cire su ba.

Mu ƴan Nijar ba mu buƙatar a koya mana illar dogaro ga hannu guda. A watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, garuruwanmu sun kwana cikin duhu. Wancan dogaro ga mai ba da wuta ne. Kada mu ƙara masa dogaro ga mai ƙera ma'auni.

Saboda haka muna kira ga hukumar ARSE da ma'aikatan da ke rubuta takardun kwangila: a shar'anta buɗaɗɗiyar ƙa'ida a rubuce, a gwada ma'aunan maƙera biyu ko uku kan na'ura guda kafin a sa hannu, mabuɗan asirin lambobi kuma su zauna hannun kamfanin ƙasa. Arha a ranar saye ba hujja ba ce, domin arha ba ta ado. Wanda ke biyan kuɗɗin wuta yana da hakkin ya ga waɗannan sharuɗɗa.