Naman Gwangwani: Idan Zafi Bai Cika Ba, A Tsare Kayan

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya zauna a ɗakin kwanan makaranta bai taɓa rufa wa kansa asiri da kifi ko naman gwangwani ba. Mukan saya a shago, mu fasa, mu juye a tukunya, wani lokaci ma mu haɗa da burodi mu ci haka nan. Ba ma tambayar yadda aka yi nama ya shekara a kan kanta, babu firiji, bai ruɓe ba. Sirrin abin zafi ne da ake ba shi a ma'aikata bayan an rufe gwangwanin. Tambayar da nake son mu duba ita ce: idan wannan zafi ya gaza cika, me ya kamata kamfani ya yi da kayan? Ra'ayina shi ne a tsare su gaba ɗaya, a ɗauke su a matsayin masu haɗari, har sai masani ya tabbatar da lafiyarsu a rubuce. In bai tabbatar ba, a lalata su, ko nawa aka kashe a kansu.

Me ya sa sai an kai digiri 121?

Iyayenmu sun daɗe suna adana nama ta hanyar busarwa, kamar yadda ake yin kilishi, domin ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa inda babu danshi. Naman gwangwani kuwa yana da danshi, ba shi da tsami, kuma an raba shi da iska. Wannan shi ne irin wurin da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum ta fi so. Tana zaune cikin ƙasa, kuma idan ta shiga matsi takan dunƙule cikin ɓawo mai tauri ta yi kwanton ɓauna. Tafasa a digiri 100, irin wadda muke yi a murhu, ba abin dogaro ba ce wajen kashe ta a wannan hali. Idan ta tsira cikin gwangwani sai ta farfaɗo ta fitar da dafi wanda yake cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya.

Ciwon da dafin ke jawowa shi ake kira botulizim, kuma a matsayinmu na ɗaliban harshe yana da kyau mu san sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin botulus, wato naman da ake cusawa cikin hanji, domin a irin wannan abinci aka fara lura da shi a Turai. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ƙwayar bayan wata annoba ta 1895. Alamun sukan bayyana cikin awa 12 zuwa 36: ganin abu bibbiyu, saukar fatar ido, wahalar haɗiya, sannan shanyewar jiki daga sama zuwa ƙasa har numfashi ya gagara.

Saboda haka ne ake dafa gwangwanayen cikin wata babbar tukunyar tururi mai rufi gam, inda matsin tururi ke kai zafi wajen digiri 121. Mafi ƙarancin abin da masana suka yarda da shi ga abinci marar tsami shi ne tsakiyar gwangwanin, inda zafi ke isa daga ƙarshe, ta sami kwatankwacin minti 3 a wannan zafi. Kowane irin nama da kowane girman gwangwani yana da nasa jadawalin lokaci da zafi, wanda masanin harkar ya auna ya rubuta.

Ta ina aikin ke ɓaci?

Hanyoyin suna da yawa. Tukunyar da ke samar da tururi na iya yin rauni ana tsakiyar dahuwa. Mai kula da tukunya na iya fara ƙidayar lokaci kafin ya kori iskar da ke ciki, alhali iskar da ta maƙale tana hana tururi taɓa wasu gwangwanayen. Ma'aunin zafi na iya yin ƙarya idan an daɗe ba a gwada shi ba. Ana iya cika gwangwani fiye da ƙima, ko a sa naman da ya fi sanyi fiye da yadda jadawali ya tanada. Kai, ana ma iya mantawa da kwando guda, ya wuce wurin manna takarda bai shiga tukunya ba. Haka kuma akwai haɗari bayan an gama dahuwa. Lokacin da ake sanyaya gwangwani da ruwa, yakan iya zuƙar ɗan ɗigo ta bakin rufinsa, kuma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Misalai biyu

A 2007, a ƙasar Amurka, mutum 8 a jihohin Indiyana da Tekzas da Ohayo sun kamu da botulizim, aka danganta abin da wata miyar gwangwani ta kamfanin Castleberry's da ke garin Ogasta a jihar Jojiya. Fiye da shekara 30 rabon ƙasar da irin wannan annoba daga abincin gwangwani na kamfani. Masu bincike na gwamnati sun sami kumburarrun gwangwanaye a ma'aikatar, suka gwada suka sami dafin, kuma suka gano matsala a yadda tukwanen tururin ke aiki. Aka janye kaya iri kusan 90 daga kasuwa, har da na nama da na abincin karnuka. A 2008 aka rufe ma'aikatar.

Misali na biyu ya faru ne a birnin Abadin na Sikotland a 1964, inda kimanin mutum 500 suka kamu da zazzaɓin taifot. Kwamitin bincike ya danganta annobar da wani babban gwangwanin naman shanu da aka shigo da shi daga Ajantina, wanda aka sanyaya da ruwan kogi da ba a sa wa sinadarin kulorin ba. A wani kanti aka yayyanka naman da inji, injin kuma ya shafa wa sauran naman da aka yanka da shi. Wake ɗaya ya ɓata gari, har sai da aka rufe makarantun birnin.

Me ya kamata a yi?

A ganina matakai huɗu ne, kuma dokokin ƙasashe irin su Amurka sun riga sun tanade su. Na farko, idan mai kula da tukunya ya ga zafi ya sauka yana tsaye a wurin, ya bi wani jadawalin gaggawa da masani ya riga ya amince da shi, ko ya sake dahuwar tun daga farko. Kada ya ƙara minti biyar da ka, yana cewa ai ya isa. Na biyu, idan sai daga baya aka gano, wajen duba takardar da na'ura ke zana zafi a kai, to a ware kayan nan take, a sa musu alama, a kulle. Shi ya sa dokar Amurka ta ce a duba waɗannan takardu kafin ranar aiki guda ta wuce. Na uku, masanin harkar dahuwa ne zai lissafa ko zafin da aka samu ya wadatar, daga nan a saki kayan, ko a sake dafa su, ko a lalata. Na huɗu, a rubuta komai cikin kundi na musamman, a nemo musabbabin, a gyara. Idan kuwa kayan sun riga sun fita, lambobin da ake bugawa a jikin gwangwani su za su nuna waɗanda za a janye, kuma a sanar da hukuma da jama'a ba tare da jan ƙafa ba.

Masu cewa asara ce

Wani zai ce, a lokacin da nama ke tsada, ina hikimar zubar da dubban gwangwanaye saboda zafi ya sauka na ɗan lokaci? Me zai hana a ɗebi kaɗan a gwada, in suna lafiya a saki sauran? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma lallai ana yin irin wannan gwaji, inda ake ajiye samfuri a digiri 35 na kwana 10 a ga ko zai kumbura. Sai dai a tukunya guda, gwangwanayen da iska ta kare daga tururi na iya zama 'yan kaɗan a wani lungu. Kana iya gwada ɗari ka same su garau, alhali mai dafin yana cikin waɗanda ba ka taɓa ba. Bugu da ƙari, ba kowane gwangwani mai dafi ke kumbura ko wari ba. Gwajin samfuri na taimakawa, amma ba ya maye gurbin shaidar cewa zafi ya cika.

Akwai kuma batun ma'aikaci. Idan duk wanda ya kai rahoton matsala za a zaftare masa albashi ko a kore shi, to za a wayi gari kowa yana ɓoye abin da ya gani. Ya kamata mai kula da tukunya ya sami horo, ya kuma sami ikon tsayar da aiki ba tare da fargaba ba. Shi kuma masanin da zai yanke hukunci kada ya kasance ƙarƙashin wanda ke ƙidayar ribar ranar.

Kammalawa

Mu a nan Nijeriya, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke da alhakin yi wa irin waɗannan kaya rajista da sa ido a kansu, na gida da na waje. Amma mai saye ma yana da nasa aikin. Ka guji gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi tsatsa sosai, ko ya lotsa a bakin rufinsa, ko da an karya maka farashi. Idan ka fasa ya yi feshi, kada ka ɗanɗana don ka gwada. Mu kuma ɗaliban harshe, gobe wasunmu ne za su zauna a gidajen rediyo suna fassara sanarwar janye kaya ga mai shago a Agege ko Sabon Ibadan. Wanda ya fahimci dalilin digiri 121 shi zai iya faɗa wa mai shagon, da Hausar da zai gane, abin da ya sa bai kamata ya sayar da kwalin da ya rage masa ba. Allah Ya kare mu, Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.